Sawun da Ba Shi da Yatsu

Ranar Litinin da safe aka gano cewa wasu ƙwayoyin halitta guda tamanin sun bi hanyar da ba ita aka rubuta sun bi ba. Kafin azahar an samu mai laifi, kafin la'asar an karɓe katin da take buɗe ƙofar ɗakin gwaje-gwaje da shi. Mai laifin ita ce Auta, 'yar yayar Kawu, wadda ta shekara huɗu tana neman digirin digirgir, saura mata wata biyu ta gama.

Kawu bai ji labarin ba sai washegari, kuma ko da ya ji bai gane ba. Yaya ce ta kira shi a waya, da muryar nan da take yi masa magana tun yana yawo da gajeren wando. Ta ce an ce 'yarta ta ƙirƙiri sakamakon bincike, ranar Alhamis kwamiti zai zauna, in suka tabbatar za a kore ta, kuma sunan maƙaryaciya zai riga ta isa duk inda ta je neman aiki. Ya tambaya me aka sace, ta ce ba a saci komai ba. Ya tambaya ko an ji wa wani rauni, ta ce babu. Ya ce to me ya ɓata?

“Hanya,” in ji Yaya. “Ba bin sawu ne aikinka ba? Tashi ka je ka bi.”

Shekara ashirin da shida Kawu ya yi a gandun daji yana bin sawun ɓarayin shanu da mafarauta, har gwiwoyinsa suka ajiye aiki shekara biyu kafin shi. Yanzu abin da ya fi bi shi ne tabaransa, wanda yakan kama a goshinsa bayan ya gama zargin duk mutanen gidan. Ya so ya faɗa wa Yaya haka, amma ta riga ta kashe wayar. Ba a taɓa jin ƙarshen maganar Kawu a wayar Yaya ba.

*

Ya samu Auta a falon uwarta, idanu a kumbure, da kofin shayin da ya huce a gabanta. Ya ce ta yi masa bayani kamar yadda za ta yi wa mutumin da ya bar makaranta saboda lissafi, don kuwa irinsa ne zaune a gabanta.

Ta ce jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, kuma wasunsu rarrafe suke yi; in ka yanke, su ne ke rarrafowa su rufe ciwon. Ita tana zuba su a wani ɗan faranti da aka shimfiɗa wa abu kamar roba, gefe ɗaya mai tauri, gefe ɗaya mai laushi. Madubin ƙara girma yana ɗaukar hotonsu duk minti biyar, kwana biyu cur. Kwamfuta sai ta mai da kowace ƙwaya ɗigo, ta haɗa ɗigon hoton farko da na biyu da na uku, har ya zama layi. Aikinta shi ne ta rubuta lissafin da zai faɗi inda za su nufa tun kafin su motsa. Lissafinta ya ce gefen tauri. Da ta gwada, tamanin cikin ɗari sun tafi gefen tauri, ta rubuta adadin ta miƙa. Ranar Litinin Farfesa, shugaban ɗakin gwajin, ya sa aka sake ƙirgawa a babbar kwamfutar ɗakin, inda hotunan suke, sai ga tamanin ɗin nan a gefen laushi.

Kawu ya tambaya tafiyar tana da nisa. Ta ce duka-duka ba ta wuce kaurin gashi biyu ko uku ba.

“A kwana biyun?”

“A kwana biyun, Kawu.”

Ya ji wani irin zumunci da ƙwayoyin nan ya kama shi. Ya tambaye ta kai tsaye ko ta juya adadin. Ta dube shi irin duban da uwarta ke yi masa, ta ce a'a. Ya rubuta a ɗan littafinsa: tauri, laushi, tamanin. Da ya fita waje ya sake karantawa, sai ya ga kamar sautun katifa aka ba shi.

*

Farfesa ya yarda ya shiga ne kawai saboda shekarun baya Kawu ya taɓa gano wa mahaifin Farfesan shanu bakwai cikin tara da aka kora. Farfesa ya tuna bakwan, Kawu ya gode wa Allah da bai tuna biyun ba. Farfesa ya ce ya duba abin da zai duba, amma kada ya taɓa komai, kada ya hura wa komai numfashi.

Ranar Laraba da safe, a bakin ƙofa aka ba shi wata shuɗiyar leda ya sa a kan takalminsa. Ya duba ya ga kowa a ginin da irinta, babba da yaro, ƙafar Farfesa da ta ɗalibi duk ɗaya. Ƙasa kuma tayil ne fari da ake gogewa sau biyu a rana. Kawu ya tsaya a tsakiyar barandar, mai bin sawu a gidan da aka hana ƙafa barin shaida, ya ji ya zama kamar masunci da aka kai shi filin ƙwallo. Duk da haka ya sunkuya ya duba ƙasan, saboda ɗalibai na leƙensa, kuma ya kamata a ga yana wani abu. Tashinsa ya ɗauki lokaci.

Ɗaliban sun riga sun yanke hukunci, sai dai ba iri ɗaya ba. Wasu sun ce dama sakamakon Auta ya yi kyau fiye da kima. Wasu sun ce hassada ce, amma da ya tambaya ta wa, sai kowa ya tuna yana da aiki.

Iya mai shara ce kaɗai ta tsaya masa. Ta jingina da sandar gugarta ta ce ita shekara tara tana goge ɗakin nan, ba ta taɓa ganin abin da suke kiwo a farantan ba, kuma a ganinta su ma ba su taɓa gani ba, kunya ce ta hana kowa faɗa. Ta ce teburin madubi ko da tsumma ba ta taɓa shi. Abin da ta sani shi ne Injiniya mai kula da na'urori yana cin abinci a ɓoye a ɗakin da aka hana, Dokta kuma yakan riga kowa zuwa, Auta ce ke bin kowa fita.

“Kai kuma, ɗan'uwa, ledarka ta dama a juye take,” in ji ta. Ya gyara.

Injiniya mutum ne siriri da ke gumi a ɗakin da sanyinsa ya isa ajiye nama. Kawu ya zo masa da dabarar da ya kwana yana alfahari da ita: ko dai an ɗora farantin a juye ne, tauri ya koma inda laushi yake? Injiniya ya nuna masa wani ɗan karce da ake yi a gefen tauri na kowane faranti, ya ce yana fitowa a kusurwar kowane hoto, kuma kwamiti ya duba tun ranar Litinin. Dabarar Kawu ta mutu tana da kwana ɗaya a duniya.

Amma gumin bai tsaya ba. Da Kawu ya yi shiru ya zuba masa ido, wanda shi ne kaɗai abin da ya rage masa na sana'a, sai Injiniya ya furta cewa watan jiya shi ya kwashe hotunan daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa, kuma a wajen kwasar duk kwanan watan da ke jikinsu ya goge, ya zama na rana ɗaya. Ya rantse lambobin da ke jere da su ba su taɓu ba, daga ɗaya har ɗari biyar da saba'in da shida. Ya roƙi kada Farfesa ya ji. Kawu ya rubuta “Injiniya” ya ja layi biyu a ƙasa. Bai san me mutumin ya yi ba, amma ya san gumi.

Dokta, mataimakin Farfesa, shi ya karɓe shi hannu biyu. Dattijo ne mai sanyin magana, ya ba shi kujera mai kyau, ya haɗa masa shayi da kansa. Ya ce shi ya koya wa Auta riƙe faranti tun tana zubar da rabi a ƙasa, kuma abin nan ya hana shi cin abinci. Yarinya ce mai ƙoƙari, in ji shi, gaggawa ce kawai irin ta yaran yanzu. A bangon ofishinsa akwai wata takarda cikin gilashi, cike da alamomin da Kawu ya ɗauka rubutun wata ƙasa ne. Dokta ya ce lissafinsa ne na shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wanda ya nuna cewa irin waɗannan ƙwayoyi a irin wannan shimfiɗa gefen laushi suke nufa, kuma har yau ana karantar da shi.

Ya ɗauko masa takardar da kwamiti ya buga. Layuka ne ɗari, a murɗe kamar an zubar da zare, kowanne da koren ɗigo a wani bakin da jan ɗigo a ɗaya bakin. Kore mafari, ja ƙarshe. Jajayen sun taru a gefen laushi.

“Wa ya ga tafiyar da idonsa?” in ji Kawu.

“Kwamfuta ta gani,” in ji Dokta, da murmushin da ake yi wa baƙo. “Ai ba ta gajiya, ba ta son kai.”

Kawu ya ce haka ne. Ya fito yana ganin Dokta mutumin kirki ne, yana kuma ganin cewa watakila 'yar yayarsa ta yi abin da aka ce. Wannan tunanin ya ajiye shi a baranda, bai shiga da shi gidan Yaya ba.

*

Ranar Laraba da rana ya zauna a bencin da ke gaban ginin, takardar a cinyarsa, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Shekara ashirin da shida, bai taɓa ganin sawun da ya raina masa hankali irin wannan ba. Sai can ya gane abin da ke damunsa. Sawun ba shi da yatsu. Ba dunduniya, ba kofato, ba inda ƙasa ta tura gaba ko baya. Layi ne kawai, kuma layi ba ya faɗin inda mai shi ya dosa. Ɗigon kore da ja wani ne ya ɗora su daga baya. Shi kuwa ya taɓa bin ɓarawon da ya ɗaura takalminsa gaba a baya. Yini guda Kawu ya yi yana binsa da ƙwazo, har ya isa daidai garken da aka yi satar, mai shanun na zaune yana kallonsa.

Ya koma ciki ya ce wa Injiniya yana so ya ga dabbar da kanta. Injiniya ya ce ba wanda ke kallon hotunan, ɗari biyar da wani abu ne, duk toka-toka, don haka ne ma aka sayi kwamfuta. Amma ya jera masa su suna wucewa da sauri kamar fim, ya ce zai je ya dawo. Daga ƙamshin da ya biyo baya Kawu ya san inda ya je.

Da farko bai ga komai ba sai tabo-tabo kamar mai a kan ruwa. Ya goge tabarau. Sai tabon suka fara motsi. Kowanne yana da gefe ɗaya mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, da gefe ɗaya siriri kamar wutsiya. Kuma wutsiyar ce a gaba. Tana miƙewa ita kaɗai cikin fili, jikin ya bi ta, faffaɗan gefen yana janyewa a baya. Kawu ya ce a ransa watakila haka Allah ya yi su, shi wa ya aike shi. Yana cikin haka sai wasu biyu suka matso kusa da juna, suka dunƙule, suka manne, suka zama ɗaya. Ɗayan ya miƙe ya ci gaba da harkarsa kamar ba a yi komai ba.

Ya fita baranda ya kira Auta a waya.

“Dabbobin nan naki, wutsiya ce ke gaba ko faffaɗan wajen?”

“Faffaɗan, Kawu. Da shi suke kama ƙasa, wutsiyar jan ta suke yi.”

“To. Kuma suna cin junansu?”

Ta ce ba ta gane ba. Ya ce ya ga biyu sun zama ɗaya. Ta ce irin nata ba sa haka, ɗaya ce ke rabuwa ta zama biyu. Daga nan wayar ta yi shiru har ya duba ko katinsa ne ya ƙare. Sai ya ji numfashinta, ya ji ta ce a hankali, “Daga ƙarshe zuwa farko aka jera su.”

Ya ce shi ma abin da yake shirin faɗa ke nan. Ya ce kada ta gaya wa kowa, har uwarta, musamman uwarta. Ya sake buɗe littafinsa ya ƙara wa Injiniya layi na uku.

*

Ranar Alhamis da hantsi aka taru a ɗakin taro. Farfesa a kan tebur da wasiƙar kora a gabansa, ba a sa hannu ba tukuna. Mutum biyu daga ofishin makaranta, masu fuskar waɗanda aka taso daga wani taron. Dokta, Injiniya, da Auta a kujerar gefe ita kaɗai. Iya mai shara ta samu wani tabo a bakin ƙofa da ya ƙi fita.

Kawu ya roƙi abu ɗaya: a bar yarinyar ta taɓa kwamfutar minti biyu, a gaban kowa. Farfesa ya duba agogo ya ce biyu. Auta ta zauna, ta danna abin da za ta danna. Layukan nan ɗari suka fito a babban allo, yadda suke, ko murɗa ɗaya ba ta sauya ba. Sai dai jajayen ɗigon sun koma gefen tauri. A ƙasa adadi ya fito, tamanin.

Kawu ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi gaisuwarsu. Ya shirya jawabi tun daren jiya, ya ɗaga yatsa, yatsan ya kama hanyar inda Injiniya ke zaune. Ɗakin ya kaure. Farfesa yana tambayar me ta canza. Mutanen ofis suna tambayar ko wannan ne na da ko na yanzu. Injiniya yana cewa shi bai taɓa komai ba, tun ba a tambaye shi ba. A cikin hayaniyar sai muryar Dokta ta fito, a sanyaye kamar kullum.

“Wa ya ce ki mayar da su?”

Yatsan Kawu ya tsaya a iska. Ba wayo ne ya tsayar da shi ba, ruɗewa ce. Ya ji kalmar ta zauna ba daidai ba, kamar tsakuwa a takalmi.

“Gafarta Dokta,” in ji shi, “ni ban yi karatu ba. Kowa a nan canzawa yake cewa. Mu a wajenmu, abin da aka ɗauke daga wurinsa shi ake mayarwa. Ashe da can haka suke?”

Iya ta daina guga.

Auta ta sa hotunan suka fara wucewa. Ƙwayoyin suka rarrafa, faffaɗan gefe a gaba, wutsiya na biye. Ɗaya ta tsaya, ta dunƙule, ta rabu biyu, kowace ta kama gabanta. Farfesa ya cire tabaransa ya ce a nuna masa yadda jerin yake ranar Litinin. Aka nuna. Biyu suka zama ɗaya. Ya ce ya isa.

Dokta bai yi musu ba. Ya yi magana yana kallon tafin hannunsa. Ya ce mako uku da suka wuce ya zo da sassafe ya gwada hotunan, ya ga sun tafi gefen tauri. Ya san an kwashe su zuwa sabuwar kwamfuta, ya ga kwanan watan ya goge, sai ya tabbata a wajen kwasar ne jerin ya juye, tunda lissafi ya riga ya faɗi inda za su. Ya sake musu lamba daga ƙarshe zuwa farko. Minti goma ya ɗauke shi. Bai buɗe hoto ko ɗaya ba.

“Gyara na yi,” in ji shi. “Wallahi a raina gyara na yi.”

Farfesa ya tambaye shi ranar Litinin fa, da aka kira yarinyar.

“Ranar Litinin na gane. Na ce bari in yi magana bayan azahar.” Ya juya tafin hannunsa. “Sai azahar ta wuce.”

Farfesa ya ninke wasiƙar biyu, ya sake ninkewa, ya sa a aljihu. Ya ce wa mutanen ofis akwai wata takardar da za a rubuta, amma ba wannan ba, kuma ba yau ba. Ya zaro katin ƙofa daga cikin fayil ya tura wa Auta a kan tebur. Injiniya ya fara goge wuyansa, ya dubi Kawu da godiyar da Kawu ya san bai cancanta ba. A hankali ya sauke yatsan ya sa shi a aljihu.

Aka watse, Dokta bai tashi ba. Yana kallon allon, inda ƙwayoyin ke ta rarrafensu. Da Auta ta zo wucewa ya ce, ba tare da ya juyo ba, da gaske gefen tauri suke zuwa? Ta ce tamanin cikin ɗari. Ya ce sauran ashirin ɗin fa?

Ta daɗe tana juya katin a hannunta. Kawu ya dubi fuskarta, bai san ko kuka ne ke zuwa ko zagi ba, kuma ya san daga gidan da ta fito duka biyun suna iya zuwa tare.

“Ban sani ba tukuna, Dokta,” in ji ta. “Sai na kalle su.”

A baranda ta riƙe wa Kawu hannu saboda matakala. Sun sauka uku ta tsaya.

“Kawu, da ka miƙe ka ɗaga yatsa, wa za ka nuna?”

“Tafi ki buɗe ƙofarki,” in ji Kawu. “Wata biyu ba yawa.”